Wane yadi ne zai ja kwalekwale da iska: auduga, tampol ko buhu?

Tela_Panteka:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah ina da tambaya kuma kar a min dariya. Kun san sana'ata ɗinkin tampol ne, na tirela da na rumfar biki da su murfin janareta, shekara sha ɗaya ke nan ina kai. Jiya kawuna ƙanin mahaifiyata ya kira ni daga wajen Yauri, shi masunci ne yana kuma ɗaukar kaya a ruwa, ya ce tun da aka cire tallafin mai a 2023 injin jirginsa ya zama rijiya gaba dubu, duk abin da ya samo a cikinsa yake ƙarewa. Wai ya ga a waya masuntan Ghana suna ɗaura ƙyalle a jikin sanda iska na tura su, shi ne yake so in ɗinka masa irinsa in ba mota ta kai masa. Na ce to kawu, amma da na kashe wayar sai na zauna ina tunani, da wane yadi? A shago ina da tampol mai roba irin na tirela, ina da kanbas na auduga ragowar wani aiki, akwai kuma yadin lema marar nauyin nan. Maƙocina ya ce in haɗa buhunan taki kawai in huta. Waɗanda suka san zare ku taimaka, wanne zai jure iska da rana da ruwa, ba na so in aika abin da zai yage a tsakiyar ruwa a ce ɗan Kaduna ya halaka kawunsa.

Rigasa_Boy:
Hhhh Tela wannan kwangila ai ta fi ƙarfin Panteka. Mu da kogin namu ma da rani yara ke ƙetarawa da ƙafa a wasu wuraren, ina muka ga jirgin iska

Kawo_Direba:
Tampol ɗin tirela kawai malam. Na yi shekara uku da nawa Kaduna zuwa Legas, rana da ruwa ba abin da bai gani ba, har yau yana nan. Ba abin da ya kai shi ƙarfi.

Musa_Apapa:
Direba ka yi haƙuri amma ka fara da wanda za a fara cirewa daga lissafi. Tampol ɗinka ƙarfi gare shi ba musu, sai dai ɗaga shi ka ji, mutum biyu kuke naɗe shi ku ɗora kan mota. Ka ɗaure wannan nauyin a saman sanda a cikin kwalekwale ai tun kafin iska ta zo jirgin ya fara tangaɗi. Duk nauyin da ke sama abokin kifewa ne. Ni haifaffen Tudun Wada ne amma aikin ruwa nake a Legas shekaru da yawa, kuma a gefen Tarkwa Bay kullum muna ganin ƙananan jiragen wasa na kulob ɗin masu jirgin iska. Farin ƙyallen da ke jikinsu kusan duk polista ne, wanda suke ce wa Dacron. In ka taɓa shi sabo ƙara yake kamar takarda.

Malam_TW:
Kafin a yi nisa, mene ne ma sunan abin da Hausa? Wannan ya ce ƙyalle wancan ya ce yadi. Larabawa shira'i suke ce masa. Ni na ji tsofaffi na cewa filafilin jirgi.

DanYauri_KD:
Malam mu a bakin ruwa in ka ce filafili abin tuƙi za a miƙo maka, na katako. Ka ce wa kawun Tela ya ɗaura filafili a sanda ai sai ya ɗauka zolaya ce

Malam_TW:
To ka ji. Bari mu tafi a zanen iska har a samu wanda ya fi.

Baban_Kakuri:
Wa alaikumus salam. Ɗana Tela, ni tsohon ma'aikacin masaƙa ne, na yi shekara ashirin da wani abu a ɗakin saƙa a Kakuri lokacin da in aka tashi daga aiki ba ka ganin kwalta saboda kekuna. Abin da zan fara gaya maka, kar ka tambayi wanne ya fi ƙarfi tukuna, tambayi wanne ne ba ya miƙewa. Ɗauki kanbas ɗin naka ka ja shi ta tsaye, ka ja ta kwance, sannan ka kama kusurwa da kusurwa ka ja ta bayas, za ka ga a nan yake saki. Iska kuwa ba ta san tsaye da kwance ba, ta ko'ina take dannawa. Da zarar yadi ya saki sai ya yi tumbi kamar buhu, maimakon ya tura jirgi gaba sai ya dinga kwantar da shi gefe. Saboda haka matsewar saƙa ita ce rabin magana. Auduga tana da wata kyauta guda, in ta jiƙe zaren kumbura yake ya toshe ƙofofin saƙar iska ta daina wucewa, kuma ba ta rage ƙarfi in ta sha ruwa, ƙaruwa ma take ɗan yi. Matsalarta biyu ce, nauyi in ta jiƙe da kuma fumfuna. Ka naɗe ta da danshi kwana uku a damina ka buɗe ka ga baƙin ɗigo-ɗigo, daga nan ruɓa ta fara, sai ka sa yatsa ya wuce.

Tela_Panteka:
Allah ya ƙara girma Baba. Wlh yanzu na tashi na ja shi ta bayas kamar yadda ka ce, ya saki sosai. Yadin lemar kuma ya fi shi saki nesa ba kusa ba.

Zee_Poly:
Yaya Tela yadin lemar nan in nailan ne to halinsa ke nan. Ni ɗaliba ce ɓangaren fasahar saƙa, bari in ɗan ƙara a kan maganar Baba da abin da aka koya mana. Nailan kafin ya tsinke yakan miƙe kamar kashi 20 cikin ɗari na tsawonsa ko ma fiye, polista bai kai haka ba kuma tun farkon ja ya fi shi taurin kai. Sannan shan ruwa, auduga tana riƙe danshi wajen kashi 8 cikin ɗari na nauyinta ko a iskar ɗaki ne, nailan wajen kashi 4, polista kuwa bai kai ko kashi 1 ba, wajen 0.4 ne. Shi ya sa rigar polista ke bushewa kafin ka gama shanya sauran. Kuma nailan in ya jiƙe yana rage ƙarfi, akasin auduga. Rana ma ta fi cin nailan a kan polista. Amma fa ba wai nailan ba shi da amfani a jirgi ba, babban zanen nan mai launi-launi kamar balan-balan da suke bazawa a gaba in iska na bayansu, da nailan ake yin sa, don a nan rashin nauyi ake nema kuma miƙewar ce ke shanye fizgar iska kar ya fashe.

Musa_Apapa:
Daidai ne ƙanwata, sifinika suke ce masa. Siriri ne ƙwarai kana hango hannunka ta ciki, kuma in ka duba da kyau za ka ga layin zare mai kauri gida-gida kamar allon dara, don in ya fara yagewa ya tsaya a gida ɗaya.

Maman_Ilham:
Ni dai ina karatu ina mamaki. Wato polistar da muke rainawa a kasuwa, mace ta taɓa ta ce Hajiya wannan ai roba ce zafi gare ta, ita ce sarauniya a teku? Ikon Allah. Ni ina sayar da yadi a babbar kasuwa, in tetiron irin na yunifom zai yi ai ina da shi bandir-bandir

Zee_Poly:
Mama asalin sinadarin ɗaya ne. Wasu Turawa biyu, Whinfield da Dickson, suka fara haɗa shi a Ingila a 1941, can aka sa masa Terylene, kamfanin DuPont na Amurka ya kira nasa Dacron, 'yan Japan suka ce Tetoron, shi ne ya zama tetiron a bakinmu. Har robar ruwan gora da muke sha mu yar dangi ɗaya ne. Amma na yunifom yawanci an gauraya shi da auduga kuma saƙarsa sakwa-sakwa ce don jiki ya sha iska. Na jirgi kuwa dogon zare ne marar yankewa, a saƙa shi a matse iya matsewa, a gasa shi da zafi ya ƙara tsukewa, sannan a shafe shi da wani irin gam ya riƙe zaren kar su motsa. Shi ne ƙarar takardar da Yaya Musa ya ji.

Maman_Ilham:
To na ji, ciniki ya faɗi tun ba a fara ba hhh

Baban_Kakuri:
'Yata Allah ya yi miki albarka, kin tuna min da Terylene. A zamaninmu wandon Terylene sai ɗan gayu, ba ya yamutsewa. Da aka buɗe masaƙar KTL a 1957 auduga zalla ake saƙawa, ta Funtua da Gusau da ƙasar Zazzau, daga baya su Nortex da UNTL da Arewa suka zo, Kakuri ta zama gari guda. Da a lokacin ne ɗana Tela ya yi tambayar nan ai sai in ce ya zo bakin get in nuna masa wanda zai saya. Yanzu ciyawa ce a wuraren.

Rigasa_Boy:
Baba kar ka sa mu kuka da safiyar nan

Injiniya_Barnawa:
Na zo a makare. Duk abin da kuke lissafowa tsohon yayi ne fa. Ku kalli gasar jiragen iska ta yanzu, zanen baƙi ne ko ruwan toka, ba fari ba. Zaren kabon ne da Kevlar da Dyneema. Kevlar wata mata ce mai suna Stephanie Kwolek ta gano shi a DuPont a 1965, shi ake rigar sulke ta sojoji da shi, in aka auna nauyi da nauyi ya ninka ƙarfe ƙarfi wajen sau biyar, kuma kafin ya tsinke bai fi ya miƙe kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari ba. Kabon ya fi shi ma ƙin miƙewa, bai kai kashi 2 ba yawanci. Dyneema kuma wani kamfanin Holan ne ya fara fitar da shi, dangin ledar da muke zuba kaya ne amma an ja ƙwayoyinsa sun miƙe sambal, rashin nauyinsa har yawo yake a saman ruwa ba ya nutsewa. Yawancinsu ma ba saƙa su ake ba, shimfiɗa zaren ake yi daidai hanyar da ƙarfin iska zai bi, daga kusurwa zuwa kusurwa, a manne shi tsakanin fallen roba biyu irin Mylar. Ka ga maganar bayas ɗin Baba ta mutu ke nan tunda babu saƙar balle ta saki.

Tela_Panteka:
Injiniya ranka ya daɗe, a wane layi ake sayar da shi a Kasuwar Bacci in je yanzu?

Rigasa_Boy:
😂😂 Tela ka kashe ni. Sai kawu ya sayar da jirgin da injin da gonar gado sannan a sayo yadi ɗaya

Musa_Apapa:
Injiniya ka faɗi alherinsu ba ka faɗi aibinsu ba. Kevlar ɗin nan rana ce maƙiyiyarsa, launinsa ruwan zinare ne amma ya sha rana sai ya koma ruwan ƙasa ƙarfinsa na zubewa, kuma ba ya son ninki, duk inda ka karya shi ka sake karyawa nan zai mutu. Kabon bai damu da rana ba amma gautsi gare shi, a bar shi yana faɗa-faɗa a iska ko a tattake shi a cikin jirgi sai zaren ya kakkarye. Dyneema ya jure rana ya jure ninki, shi kuma ciwonsa in aka bar shi a ɗaure cikin ja na dogon lokaci yana miƙewa kaɗan-kaɗan kuma ba ya komawa, ga shi zafi kaɗan ke narka shi, wajen digiri 150, alhali polista sai ya haura 250. Sannan masu mannen nan a ƙasa mai zafi da danshi gam ɗin saki yake, fallen ya rabu, fumfuna ta shiga tsakani inda ba mai iya wankewa. Masu gasa ba ruwansu don suna canjawa akai-akai. Shi kuwa Dacron zai yi tumbi a hankali ya rage gudu amma yana nan shekara da shekaru, in ya yage ka sa allura ka ɗinke. Mai neman tuwo wanne zai ɗauka?

Injiniya_Barnawa:
Ban musa ba. Ni dai ina nuna inda ilimin ya kai ne. Akwai ma Vectran, wanda aka yi jakunkunan iskar da na'urar Pathfinder ta sauka a kansu a duniyar Mars a 1997, shi ba ya wannan miƙewar ta Dyneema, amma shi ma sai an ɓoye shi daga rana.

Kawo_Direba:
Daga Yauri an kai mu Mars. Allah ya kyauta

Hajiya_Malali:
Ni ban san zare ba amma na ga abu da idona. Da muka je Masar ganin likita da maigidana, bayan an sallame mu muka sauka Aswan, muka shiga jirgin iskan nan nasu na kogin Nilu da suke kira faluka. Zanen fari ne dogo mai kusurwa uku, duk faci ne a jikinsa, na taɓa shi kuma na san auduga in na taɓa. Ba injin ba hayaƙi, tsit kake ji sai ƙarar ruwa. To in su har yau suna lallaɓawa da auduga me zai hana kawun Tela?

Zee_Poly:
Hajiya Aswan ai kusan ba a ruwan sama, shekara na iya wucewa ba a ga ɗigo ba, fumfuna ba ta da wurin zama. Yauri kuwa damina ake sosai. Sannan audugar Masar gashinta dogo ne, yana haura milimita 30, shi ya sa zarenta ke fita siriri mai ƙarfi, kafin polista ta zo ita masu jiragen gasa ke rububi. Tamu yawancinta gajere zuwa matsakaici ce, duk da cibiyar bincike ta Samaru ta fitar da irin auduga na SAMCOT kala-kala.

Baban_Kakuri:
Kar ki raina tamu 'yata. Kanbas ba ya buƙatar siririn zare, murɗa biyu ko uku ake haɗawa. Kakanninmu da mazari da abawa suka yi gwado da luru da ake gada daga uba zuwa ɗa.

Zee_Poly:
Tuba nake Baba 🙏

Abban_Sadiq:
Tunda an shiga tarihi bari in sa baki, ni malamin makaranta ne a Unguwar Rimi. Kafin auduga, Turawa da lilin suke yi da kuma zaren wata shuka, ku riƙe dariyarku, ita ce dai shukar tabar wiwi. Kalmar kanbas ɗin da Tela ke faɗa ma daga sunan shukar ta samo asali. Igiyoyin manyan jiragen da zanen wasunsu daga ɓawon karanta ake samu. Mutanen arewacin Turai na da can kuma, waɗanda ake kira Viking, da ulun tumaki suke saƙa nasu su shafe da kitse. A tsibiran tekun Fasifik tabarma ce suke saƙawa da ganye, kamar dai yadda muke yi da kaba, kuma da ita suka ƙetare dubban kilomita. Auduga ta yi suna ne sosai bayan 1851, da wani jirgin Amurka mai suna America ya je Ingila ya cinye gasar zagaye tsibirin Wight. Zanensa na auduga ne saƙar inji, a shafe yake ba tumbi, na Ingilishi kuwa lilin ne mai saki har sai sun dinga watsa masa ruwa don ya ɗan tsuke. Kofin da ya ci shi ne har yau ake gasa a kai da sunan jirgin.

Rigasa_Boy:
Tela ka ji, ka shuka wiwi a bayan shago ka ce wa 'yan NDLEA zanen jirgi za ka yi wa kawu

Malam_TW:
A'uzubillahi. Yaro ka kiyayi bakinka.

Zee_Poly:
Malam Abban Sadiq akwai abin da ya ɗaure min kai a nan. A aji an ce mana gashin lilin ya fi na auduga ƙarfi kuma bai kai shi miƙewa ba, lilin wajen kashi 2 zuwa 3 ne, auduga ta ninka haka. To ya aka yi zanen lilin ya fi saki?

Baban_Kakuri:
Ai shi ne abin da na faɗa tun farko, zare daban yadi daban. Zaren lilin kaushi gare shi da tauri, ba ya kwanciya ya matsu da ɗan uwansa a kan masaƙa kamar auduga. To ko zaren bai miƙe ba saƙar za ta motsa. Ki ba ni zare mai kyau ki ba ni masaƙa da ba a saita ba in fitar miki da abin tace koko.

Abban_Sadiq:
Baba ya amsa. Amma ma'aikatan manyan jirage da yawa sun fi son lilin duk da haka, don in ya jiƙe yana nan da laushi ana iya naɗe shi da hannu, auduga kuwa ta jiƙe ta sandare kamar fatar da ba a jeme ba, ga mutum a saman sanda cikin sanyi yana kokawa da ita.

Ummi_Kabala:
Tambaya, rama fa? Ba ramar kwaɗo ba, ɓawon karan da ake igiya da shi. Kakata a ƙauye tana jiƙa shi a rafi ta ɓare. Tunda an ce wiwi ma ɓawon kara ne ai ina ga dangi ne

Zee_Poly:
Anti hanyar cire su ɗaya ce amma zaren rama ya fi kaushi da gautsi, ya fi kusa da na buhun algarara. Igiya da buhu zai yi, amma yadi mai matsewar da zai tare iska da wuya, kuma ruwa na ruɓar da shi da wuri.

DanYauri_KD:
Ku yi haƙuri in dawo da ku bakin ruwa, don ni can aka haife ni kuma na san abin da ruwan nan ke yi. Duk kuna ta zare ba wanda ya tambayi jirgin. Kwalekwalenmu gindinsa a shafe yake, ba shi da wannan doron na ƙasa da jiragen Musa ke da shi mai hana su zamewa gefe. Ma'ana zanen zai yi masa aiki ne kawai in iska na bayansa ko ta ɗan karkato, in ba haka ba sai an saƙala wani faffaɗan katako a gefe ya shiga ruwa. Da hunturu iska daga arewa maso gabas take zuwa, da damina ta juyo daga kudu maso yamma, to wata tafiyar zai samu wata dole ya tada inji ko ya sa hannu. Abin da ya fi ba ni tsoro hadarin farkon damina, iskar da ke zuwa gabansa ba ta sallama, minti biyu ta isa. A irin wannan lokacin wlh gara zanen da zai yage da wanda zai riƙe. Ƙarfin da kuke nema shi zai kifar da shi. Tela ka yi shi ƙarami, ka yi yadda igiya ɗaya za a saki ya faɗo, kuma ka haɗa masa da rigar ruwa mai hana nutsewa a cikin saƙon ko zai yi faɗa.

Kawo_Direba:
Gaskiya wannan magana ta shige ni. Na janye tampol ɗina.

Tela_Panteka:
DanYauri Allah ya saka, wannan ko a raina bai zo ba. To ke nan maganar maƙocina ta buhun taki ba shirme ba ce?

Musa_Apapa:
Ba shirme ba ce sam, abin da kawunka ya gani a Ghana ma da yawa buhunan ne aka farke aka haɗa, har a nan gaɓar Legas ina ganin masu ƙananan kwalekwale da irinsa, rubutun kamfanin shinkafa na nan ɓaro-ɓaro a jiki. Ba nauyi, ba ya shan ruwa, ba ya fumfuna, kuma kusan kyauta ne.

Zee_Poly:
Sai dai rana. Buhun nan robarsa daban ce da polista, ita ce ta fi kowa tsoron rana a duk waɗanda aka lissafa in ba a sa mata maganin kariya ba. Ku tuna buhun da aka manta a kan kwano, bayan 'yan watanni ka ɗaga sai ya zube kamar gari. Kuma saƙarsa zamewa take a wajen ɗinki.

Maman_Ilham:
Wannan gaskiya ne, na yi labulen kaji da shi bai ga ƙarshen rani ba

Injiniya_Barnawa:
To ai lissafi ne. In buhu zai yi wata huɗu a canja, auduga ta yi shekara biyu in ana shanya ta, sai a duba kuɗin kowanne. Ni da za a samu tsohon zanen Dacron da masu kulob suka cire, ko ya yi musu tumbi ai ga kwalekwale sabo ne fil. Musa ba ka da hanya?

Musa_Apapa:
Zan tambaya amma ban yi alkawari ba, su ma masu gyara suna yanka tsofaffin su yi jaka da rumfa. In ba a samu ba Tela ka nemi polista zalla marar kauri sosai, irin na tanti ko na rumfar shago wanda ba a shafe shi da roba mai nauyi ba. Gwaji mai sauƙi, ka kara shi a baki ka hura, in iska na wucewa da sauƙi ka ajiye. Ka ƙona bakin zare ɗaya, in ya narke ya dunƙule roba ce, in ya ci wuta ya bar toka mai warin takarda auduga ce. Kuma ɗinkin ka yi da zaren polista, kar ka sa na auduga a jikin roba don zaren zai riga yadin mutuwa, in kekenka na zigzag to shi ya fi. Kusurwa ukun nan ka ninka faci hawa uku ko huɗu kafin ka buga idon da igiya za ta shiga, a nan duk ƙarfin ke taruwa, sannan ka bi gefen da igiya.

Baban_Kakuri:
Ni dai har yanzu ina kan auduga, ku ce tsufa ne. Kanbas ɗin na hannunsa, bai saye ba. Kawun zai iya facinsa da allurar buhu a bakin ruwa ba sai ya nemo tela ba. Kuma in za ka yi da ita ɗana, ka jiƙa ta ta bushe kafin ka yanka, don za ta tsuke, in ka yanka tukuna awonka ya tashi a banza.

Abban_Sadiq:
Baba akwai ma dabarar da masuntan Ingila ke yi wa nasu don kar ya ruɓe, suna dafa shi a ruwan ɓawon itace da wani jiƙo da ake kawowa daga Indiya, shi ya sa a tsofaffin hotuna za ka ga zanen jiragen su ja-ja ne kamar ƙasa. Itacen da ake samun jiƙon ɗan uwan bagaruwa ne. Ina ta tunanin ko bagaruwar majema za ta yi wannan aikin.

Baban_Kakuri:
Kai Malam, ka kawo magana. Abin da ke hana fata ruɓa ai ba zai rasa abin da zai yi wa auduga ba. A gwada a ƙyalle tukuna.

Ummi_Kabala:
Bagaruwa kam tana nan a Kasuwar Bacci wajen masu kayan gargajiya, ba sai an je Mars ba

Injiniya_Barnawa:
An dai ƙi a bar ni in huta da Mars ɗin nan

Tela_Panteka:
Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Abin da na yi yanzu, na yanko ƙyalle huɗu dai-dai girma, kanbas ɗaya haka nan, kanbas ɗaya zan jiƙa a bagaruwa gobe in Allah ya kai mu, buhun taki ɗaya, da wani polista na tanti da na samo a layin bayanmu wanda na hura iska ta ƙi wucewa. Zan buga su a kan kwanon shago in dinga watsa musu ruwa safe da yamma in ga wanda zai fara sallamawa. Matsalar kawu ya sake kira ɗazu wai Juma'a yake so a ba direba, na ce masa ana bincike, ya ce binciken me a kan ƙyalle.

DanYauri_KD:
Ka tambaye shi tsawon jirgin da faɗinsa kafin ka sa almakashi. Kuma ka ce masa ni na ce rigar ruwan ba a cire ta daga saƙo.

Hajiya_Malali:
In an gama a turo mana hoto dan Allah, ina so in ga ko zai yi kama da na Aswan

Malam_TW:
Tela in ya sake kira ka tambaye shi su can me suke ce wa abin, har yanzu ban gamsu da zanen iskan nan ba.